Direbobin da Suka Guji Tuwon Hure

Ranar wata Talata Hure ta kwashe tuwo malmala arba'in, har la'asar ba ta sayar da goma ba.

Shekara goma sha tara ke nan tana tuwo a bakin tashar Gaya, cikin rumfar kwano mai benci huɗu. Tuwon dawa ne da miyar kuka, sai man shanu da wata Bafulatana take kawo mata daga Kademi. Direbobin Ajingi da na Kano ba sa tambayar me aka dafa, hannu kawai suke wankewa. Jagoransu Inuwa ne mai farar bas, tuzuru, wanda in ya ce miya ta yi, to duk tasha ta yarda ta yi. Malmala uku yake tashi da ita, yana ci yana tsokana: "Hure mai tuwo, ƙaro romo, rowa ba ta kai mutum Makka."

Sai ga wata Khairiyya ta buɗe gidan abinci a tsallaken titi. Ƙofar gilashi, kujerun roba, fanka mai sola, ga talabijin ana ta ƙwallo. Soyayyiyar shinkafa take yi da shawarma, abin da Hure ta rantse ba abinci ba ne, naɗi ne kawai. Ko a jikinta. Ta ga irinsu da yawa. Mai sakwara ta yi wata biyar ta koma garinsu, mai gurasa ko damina bai kai ba.

Amma a satin nan Inuwa ya ɗauke ƙafa. Kwana biyu a tsakani abokansa suka bi shi, ɗaya bayan ɗaya, har benci huɗun nan suka zama wurin hutawar kaji.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ba gaba yake yi da ita ba. Kullum da safe sai ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina kwana."

Mama! Mutumin da ya shekara goma yana faɗa da ita a kan romo. In ta ce ga tuwo da zafinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, ya miƙe yana share goshi, ya tsallaka wurin Khairiyya tana kallo. Hure ta ce dama mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Ba ta zauna ba dai. Ta canza mai kawo mata daddawa. Ta ƙaro miyar taushe da ta zogale. Ta sayo kujerun roba shida, ta sa aka rubuta mata allo da jan fenti. Har soyayyiyar shinkafar ta gwada, ta fito ita ba dafa-duka ba, ita ba fate ba. Fasinjoji kan tsaya jefi-jefi, amma fasinja yau ne yana nan gobe ba shi. Direbobi su ne rumfar, su kuwa sai dai su ɗaga mata hannu daga nesa, cikin ladabin da ba ta san su da shi ba.

Ga shi ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Maigidan ya rasu. 'Yarta ta fari, Naja'atu, tana Ajingi a hannun baffanta tun yaye, yanzu tana koyarwa a firamare, kuma Hure ko sunanta ba ta iya faɗa, balle ta zauna hira da ita.

Da aka cika sati shida, Hure ta sare. Ta yarda zamani ya wuce ta, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don a rumfar nan ta ci da marayunta. Ta buga wa baffan Naja'atun waya, Malam Sharfaddeen ƙanin mijinta, ta ce ya nemo mata mai sayen tukwane, Juma'a za ta rufe. Ya ce dama yana tafe.

Ya iso bayan an sauko daga masallaci, da ƙullin goro a hannu. Ta zuba masa tuwon ƙarshe. Ya cinye, ya suɗe kwano, ya nemi ƙari.

"Malam, tsakaninka da Allah," in ji Hure, "hannuna ne ya lalace?"

"Miya tana nan yadda na san ta, Yaya Hure."

"To me na yi wa mutanen nan?"

Ta kwashe labari ta faɗa masa, tun daga tuɓe takalmi har zuwa kujerun roba. Malam Sharfaddeen ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kar ki sayar da ko ludayi," ya ce. "Ki sami zana ki kewaye wurin murhu, ki zauna daga ciki, ki ɗauki mai miƙa kwano. Wallahi gobe bencin nan ba zai ishe su ba. Inuwa duk ya rame, ya ce shinkafar can ba ta riƙe masa ciki."

"In ɓuya? A rumfata? Ni dodo ce?"

Ya tura mata ƙullin goron gabanta.

"Na gaisuwa ne, jiya manyan Inuwa suka kawo. Naja'atu yake nema, kin kuwa san ba shi ba, ko abokansa babu mai iya buɗe baki ya kai loma a gaban suruka."