Telan da Ya Farke Rigar Matarsa

An yi wani tela a wani gari na bakin titin jirgin ƙasa, dattijo mai tsanani a kan aiki. Tun yana saurayi maigidan da ya koya masa ɗinki ya kafa masa doka guda: ba a kwaikwayon riga da ido. In kana son irinta, ka farke ta, ka goge kowane ƙyalle ya kwanta, sa'an nan ka zana. A kan wannan doka ya tsufa, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba, ko a shadda, ko a atamfa, ko a kaki.

Ana nan sai matarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashe ta, amma hannun hagu ya naɗe a ƙirji bai ƙara miƙewa ba. Duk rigunan atamfar da ya ɗinka mata suka daina shiga, sai wani ya kama hannun ya ɗaga, tana cije leɓe. Riga ɗaya ta rage mata, wata saƙaƙƙiyar rigar kanti ruwan toka, mai talewa, da ta taɓa saya a gwanjo. A da har ba'a yake yi mata, wai matar tela da rigar da ba a san wanda ya ɗinka ba. Wannan rigar kaɗai take iya sawa da kanta. Takan zura shanyayyen hannun, ta ja wuyan da haƙori da hannun dama, rigar ta buɗe ta karɓe ta, ta koma ta kama jiki. In ta sa, sai ta fito ƙofar gida ta zauna, ta gaisa da masu wucewa kamar kowa. Ranar wanki kuwa tana ɗaki lulluɓe da zane, har rigar ta bushe.

Wannan zaman jira shi ya riƙa cin tela a zuciya. Ya zaga 'yan gwanjo bai sami irinta ba. Sai ya sayo sabon yadi mai talewa, ya ce ta ba shi rigar na yini ɗaya, zai yi mata ta biyu.

Ta ce, "Malam, ka shimfiɗa ta ka zana a yadda take mana."

Ya ce, "Wannan ai aikin 'yan koyo ne."

Ya tafi da ita shago, ya sa reza. Ashe ɗinkin kanti ba irin nasa ba ne. Zaren da ya sarƙe bakin ƙyallen shi ne ke riƙe da saƙar, yana yanke shi bakin ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya hura gawayi a dutsen guga ya danne shi. Ƙyallen ya kwanta, amma ya saki. Shekarun sawa sun riga sun ba rigar siffar mai ita: kafaɗar da ta sauka, da ɗan aljihun da lanƙwasasshiyar gwiwar hannu ta yi wa kanta. Guga ya shafe duk wannan, ya bar shimfiɗaɗɗen ƙyalle da bai san jikin kowa ba. Shi tela ya zana a takardar siminti, bai kauce ko da faɗin allura ba. Ya yanka sabon yadin, ya hau keken ɗinki, ya bi shi da ƙananan ɗinkin nan matsattsu da aka san shi da su a garin.

Riga ta fito tsaf, babu karkace. Sai dai yadin yana talewa, ɗinkinsa ba ya talewa. Da matar ta ja wuyan, sai ya tsaya mata a ka kamar zoben ƙarfe. Ta ƙara ja, zare ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Inda hannun ke bukatar wuri rigar ta matse, inda ba a bukata ta yi yalwa.

Tela ya karɓi sabuwar rigar. Ya koma shago don ya mayar da tsohuwar yadda take. Amma tsohuwar saƙa ba ta jure allura. Duk inda ya huda, zare ɗaya ya kuɓuce ya gudu har ƙasa, ya bar doguwar ɓaraka kamar tsani. Ya shigo da ɗinkin ciki don ya guje wa ɓarnar, rigar ta ƙanƙance. Ya farke ya sake, ta ƙara ƙanƙancewa. Kafin la'asar abin da ke kan teburinsa bai wuce tsumman goge man keke ba.

Ya kawo mata su biyun, ya ajiye a gabanta. Ta daɗe tana shafa tsumman da yatsun hannun dama.

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ɗauko ta atamfar. Ka dai kama hannun a hankali."

Tun daga ranar shi yake sa mata riga kowace safiya, yana ɗaga hannun, ita tana juya fuska ga bango don kada ya ga idonta. Fitowa ƙofar gida ta ragu, daga baya ta daina. Ranar kasuwa akan ga tsohon tela durƙushe gaban tulin gwanjo, yana ɗaukar riguna ɗaya-ɗaya, yana jan wuyansu, yana ajiyewa. Har ta rasu bai samo wadda ta shige ta ba.

To, ka ji. Ba mugunta ya yi ba, ba kuma sakaci ba, alheri ya nufa da iyakar gwanintarsa. Shi ya sa magabata suka ce: garin neman gira, an rasa ido.