Katin Eun-sol

Shekara huɗu ke nan Eun-sol tana tsayawa bayan mijinta Do-hyun, jami'i a ofishin jakadancin Koriya a Tokyo, tana kallon mutane suna musayar katin suna da hannu biyu. Ita ba ta da kati. A Busan, can gida Koriya, likitar haƙori ce, a nan kuwa sunanta “matar wane”.

Ran nan bayan liyafar rana ya same ta a baranda, ta cire takalmi tana murza ƙafa.

“Maman Ha-rin, an ƙara mana shekara uku,” ya ce, ya kasa haɗa ido da ita. “In kin gaji ki koma gida, ba zan hana ki ba.”

“Wa ya ce maka tafiya zan yi?”

Ta buɗe jaka, ta miƙa masa sabon katin sunanta da hannu biyu. A ɓoye ta ci jarrabawar likitoci da Japananci, har an ba ta izinin aiki.

Sau biyu ya karanta. Sai ya gyara kwat, ya rusuna mata irin rusunawar da yake yi wa jakada kaɗai.

“Likita, yaushe zan samu ganinki?”

“Talata. Kuma layi za ka bi.”