Tokar Ƙofar Gidan Mai Awara

Ɗauki misalin wata 'yar kasuwa da ta je sarin kekunan ɗinki a wani gari na kudancin ƙasar Sin, ta kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da awara. Ba sa jin yaren juna sai 'yan kalmomi, amma zama ya yi daɗi. Kullum bayan sallar asuba baƙuwar takan ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida har bakin titi, yadda uwarta ta koya mata, tsohuwa kuma takan ajiye mata awara mai zafi a ƙofar ɗaki. A haka aka shiga wata na bakwai a lissafin mutanen garin, watan da suke cewa ana buɗe wa matattu ƙofa su fito yawo, masu dangi su leƙa gida, marasa kowa su yi ta gararamba a titi da yunwa. Ita ba ta san da wannan ba. Ta dai ga tsohuwa ta sauya hali. Rana na yin sanyi sai ta kwashe mata shanya ko ba ta bushe ba. In ta soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, sai tsohuwa ta zare su da sauri ta kwantar. Baƙuwar ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta yi dariya ta wuce. Wata safiya ta fito da tsintsiya ta tarar da tulin toka a ƙofar gida, da guntayen takarda da wuta ta ci rabi, da lemo uku, da ɗan kwanon shinkafa da ƙuda ya fara bi. Ranta ya ɓaci, ta ce wane marar tarbiyya ne ya mayar da ƙofar baiwar Allah juji. Ta share tas, ta kawo ruwa da sabulu ta wanke wurin, ta ɗan tsaya ko za a yaba mata. Tsohuwa ta fito, ta dubi siminti yana ƙyalli, ta dubi tsintsiya, ta koma ciki. Ran nan babu awara. Washegari ma haka.

A rana ta uku 'yar tsohuwar, wadda ta ɗan iya Turanci, ta zo da saƙo. "Mama ta ce ki nemi wani ɗakin. Amma ba yanzu ba, ba a tashi daga gida a wannan watan. Sai ya ƙare." Saura kwana goma sha shida. Sai a lokacin baƙuwar ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, ta zaunar da 'yar tsohuwar ta tambaye ta me ta share. Ashe mijin tsohuwa masunci ne, jirginsu ya fita shekara talatin da suka wuce bai dawo ba, babu gawa, babu kabari. Shi ya sa take ganin yana cikin masu yawon nan. Kowace shekara takan ƙona masa riguna na takarda, ta ajiye masa abinci a ƙofa don kada ya zo ya tarar an manta da shi. Shanyar kuwa ana kwashewa ne don kada wani mai yawo ya saka rigar mutum, tsinkaye a tsaye kuma kama suke da turaren tsinke da ake kunna wa mamaci.  Baƙuwar ba ta yarda matacce na shan lemo ba, addininta kuma bai bar ta ta kunna wa kowa turare ba, amma ta san zafin rashi. Ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri, tsohuwa ta kau da kai. Daga ranar tsintsiyar baƙuwar takan zagaye toka ta bar ta inda take, shanyarta kuma ita ke kwashewa tun la'asar. Ran Juma'a ta jiƙa wake ta soya ƙosai ta bi maƙwabta gida-gida, ta ajiye wa tsohuwa nata. Tsohuwa ta sa 'yarta ta tambaya bikin me ake yi.

"Ba biki ba ne, Iya. Sadakar uwata ce, shekararta shida da rasuwa. Mu a wurinmu masu rai ake ba wa, ladan ya je mata."

Tsohuwa ta jawo kwanon ƙosan. Ta gutsuri ɗaya, yaji ya sarƙe ta, ta yi tari har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce wa 'yarta, "Faɗa mata matattunsu sun fi namu wayo. Sun bar wa masu rai barkonon."

Wata ya ƙare, baƙuwa ta ɗaure kayanta tun da babu wanda ya ce ta zauna. Da safe ta buɗe ƙofa, sai ga awara tana tururi a inda aka saba ajiye ta, ga tsintsiya an jingine a gefe. Ta ci ta ƙoshi, ta kwance kayan, ta fita shara. Shekaru bayan nan duk zuwanta garin nan ɗakin take sauka. Tsohuwa ba ta daina ƙona takardunta ba, ita ma ba ta daina suyar Juma'a ba, babu kuma wadda ta ƙara taɓa na 'yar'uwarta. Dama Hausawa sun faɗa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.