Abin da Tauraro Ya Bari

Autata ta kawo mini hoton mataccen tauraro har maƙera. Ban karɓa ba. Yayyenta sun daɗe suna son raba ni da garin Lafiya, su ajiye ni Abuja kan kujera. Yanzu sun turo ta, ita mai ilimin taurari, ta lallashe ni.

"Baba, duba. Ya fashe tun tuni, amma abin da ya watsar bai tsaya ba. Yana tura iska da ƙurar da ke kewaye, yana zafafa su, yana matse su har sababbin taurari su fito. Ƙarfen da kake bugawa ma daga irinsa ne."

"Wa ya ce ki gaya mini?"

"Haba Baba! Aikina ne."

Keken da ya kawo ta dai bai tafi ba.

Na goge hannu na karɓa. Zobe ne babba, ja da shuɗi, gwanin kyau. Na ɗora yatsa a tsakiya.

"Shi fa? Yana ina?"

Ta sunkuyar da kai. "Wannan bai bar komai a gurbinsa ba."

Na miƙa mata hotonta, na kama zugazugi.

"Sallami mai keken. Ba inda za ni."