Kifin Injiniya Lahsan

Kwana tara ke nan Assu yana zuba dafaffiyar masara a ruwa, wuri guda, can gindin dutsen da ya tsage, kullum kafin rana ta leƙo. Haka ake yi wa manyan kifayen tafkin. Sai an saba musu da wurin cin abinci, sannan a kawo baƙo ya jefa fatsa, ya koma birni yana cika baki wai gwani ne. Shekara arba'in Assu ya yi yana wannan aiki a sansanin bazara na bayan tsaunukan Azilal, har gwiwoyinsa suka daina yi masa biyayya.

Lalla Ittu, mai sansanin, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta gaya masa a ido cewa baƙin bana manya ne daga birnin Fas, in suka tafi ba su kama kifin kirki ba, jirgi mai inji za ta sayo, ta sallame shi. To ina zai nufa? Duk abin da ya mallaka a duniya shi ne kwale-kwalensa da wata bukka a bayan tantuna.

Baƙin suka iso cikin motoci biyu. Akwai Haj Tayyib, attajirin yadi, tumbinsa na riga shi shiga ko'ina, da 'yarsa Salwa, da mijinta Injiniya Lahsan. Ko kaya ba a gama saukewa ba injiniyan ya ja Assu bayan tanti, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Assu ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakunkuna.

Rayuwar sansani ta ci gaba yadda ta saba. Shayi da na'ana'a a inuwar itatuwa, tajin, wato naman tukunyar ƙasa, na dahuwa a kan gawayi, matan ƙauye na kawo burodi mai zafi da hantsi, masu wanka na ihu a bakin ruwa. Haj Tayyib kuwa bakinsa ba ya hutawa. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa surukinsa ɗan babban gida ne, mahaifinsa ya mallaki rabin tsaunukan nan, kamun kifi ma don nishaɗi yake yi, Allah ya yi masa rasuwa tun Lahsan na makaranta.

"Bana dai za mu gani," in ji Haj, yana dukan kafaɗar surukin, "ko gado ne, ko kuwa baki ne kawai."

Injiniyan ya yi dariyar yaƙe. Shi bai taɓa ɗaga ido ya dubi Assu ba. In yana son abu, sai ya ce wa iska a gaya wa mai jirgi. Wannan ya fi ci wa Assu rai fiye da "kai tsoho" ɗin da Haj ke jefa masa. Ya ƙona masa zuciya ƙwarai, amma ya haɗiye.

Kwana shida, ko ƙaramin kifi bai taɓa koto ba. Zafi ya kore su ƙasan ruwa. Haj ya fara gunaguni, ya ce ko dai tafkin ya mutu, ko tsohon nan bai san komai ba. Lalla Ittu ta daina amsa gaisuwar Assu.

Ran tafiya da sassafe suka fita su uku. Haj ya faɗa kwale-kwalen da takalmansa. Injiniyan ya tuɓe nasa, ya shiga da ƙafar dama kamar yadda mutanen tafki ke yi, bai ma san ya yi ba. Da ya zo ɗaure ƙugiya, ya jiƙa ƙullin da miyau, ya datse zaren da haƙori. Assu ya kau da kai, ya ci gaba da tuƙi zuwa gindin dutsen.

Rana ta yi sama, Haj ya fara hamma. Sai sandar injiniyan ta lanƙwashe kamar za ta karye. Kafin ya ankara, kalma ta suɓuce masa da yaren mutanen dutse, Assu ya amsa masa da shi. Wannan ya saki zare, wancan ya juya kwale-kwale, ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya yi kuskure. Rabin sa'a suna fama kafin kifin ya gaji ya taso. Ya kusa kai tsawon hannun mutum har kafaɗa, sai da Assu ya rungume shi da ƙirji ya jefo shi ciki.

Assu ya zauna yana haki. Aikinsa ya tsira, bukkarsa ta tsira, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

Haj Tayyib ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sumbaci goshin surukinsa, ya ce lallai gado ne, jinin manya ba ya ɓuya. Sai ya ɗaga hannu sama.

"Allah ya jiƙan mahaifinka, Lahsan, ya haskaka kabarinsa. Kai tsoho, ba ka jin addu'a ne? Ɗaga hannu mana."

Assu ya ajiye filafili a hankali. A karon farko injiniyan ya dube shi cikin ido, fuskarsa duk roƙo. Assu ya ɗaga hannayensa masu ƙarnin kifi ya ce amin, kamar yadda ya yi wa ɗansa alkawari a bayan tanti.