Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana don kunya. "Ke ɗiyar ga," iyakar rabona ke nan.

Wata la'asar tana wanki a bakin ruwa a Ngaski, ƙasar Yawuri, ƙamshin bandar kifi ya cika iska. Igiyar ruwa ta ɗauke mini takalmi, na bi shi har ƙafata ta daina taɓa ƙasa.

"Hwaɗimatu!"

Inna ta fizgo ni, ta manna ni a ƙirjinta, zuciyarta na bugawa a kunnena.

Wata mai wanki ta ce, "Iye! Ashe kin san sunanta?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Mi kika ji? Ni ban ce komi ba."

Yanzu ina aure a Kano. Maigidana kan ce Fatima a tausashe, danginsa su ce Faɗima, kuma duk ina amsawa. Amma wancan kiran, da bakinmu na Yawuri mai ɗumi, kuka ya hana ni amsa shi. Har Inna ta koma ga Allah ba ta sake ba.