Giram Biyu na Ruwa

Doka ta yarda Baba ya riƙe wiwi giram ashirin a wata. Ita kaɗai ke sa shi barci da ciwon dajin nan. Jiya na karɓo a asibiti, yau na kai ofishin unguwa a auna.

Na'urar awon ta kunna jar wuta.

"Ashirin da biyu," in ji ma'aikaciyar.

"Hajiya, ruwa ne. Inna ce ta naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma kamar goro, wai kada ta bushe."

"Na yarda, ɗana. Na'ura ce ba ta san goro ba."

Na'urar ta riga ta haɗiye ƙunshin, ta rufe katin da Baba ke karɓar wiwi da shi har wata uku.

Inna ta tare ni a zaure. "Sun ga yadda na adana ta?"

Baba yana kirana daga ɗaki.

"Sun gani, Inna."